Lambun Gida a Zariya Daga Bazara Zuwa Damina: Tambayoyi da Amsoshi Kan Itatuwa, Shuke-shuke da Ƙudan Zuma

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ɗan fili a bayan ɗaki ko a tsakar gida suka fi yi, daga Samaru da Hanwa har Tudun Wada da cikin birni. Yawancinsu amsar tana nan cikin lambun, sai dai ana zuwa dubawa a lokacin da bai dace ba, ko a ɗauko maganin feshi tun ba a tsaya an ga abin da ke faruwa ba.

Wane lokaci ne lambu ya fi sauyawa a Zariya?

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Satumba. A bazara, wato Maris da Afrilu, zafin rana yakan haura digiri 35, iska ta daina zuwa daga arewa maso gabas ta juyo daga kudu maso yamma, gumi ya fara damun mutane da dare. Itatuwa da yawa ba sa jiran ruwa kafin su fara toho, shi ya sa za ku ga sabon ganye a itace alhali ƙasa tana nan a bushe ƙamas. Shamuwa ma a wannan tsakanin take dawowa. Ruwan da Zariya ke samu a shekara yana kusan milimita 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Mayu zuwa farkon Oktoba, Agusta ya fi kowane wata.

Yaya ake lura da lambu har a ƙaru da wani abu?

A zaɓi lokaci biyu a riƙe su: bayan sallar asuba idan gari ya waye, zuwa wajen ƙarfe 8, sai kuma bayan la'asar. Wanda ke leƙa lambu da tsakar rana kaɗai zai rantse babu ƙudan zuma a gidansa, domin furanni da yawa sun riga sun rufe, ƙwarin kuma sun gama aikinsu sun tafi.

A samu littafi guda. Abin rubutawa kaɗan ne: kwanan wata, ko an yi ruwa, wane itace ne ya fara huda, wanne ne ya fara zubar da 'ya'ya, wane ƙwaro aka gani a kan wane fure. In ana son ƙidaya, a tsaya gaban shuka ɗaya minti 10 a ƙirga masu sauka a furenta, a maimaita a daidai wannan lokacin kowane mako. Ƙidayar da aka yi yau da safe, gobe da azahar, ba ta nuna komai.

Ma'aunin ruwa ba sai an saya ba. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ya isa. A ɗaure shi a kan sanda mai tsayin mita 1, nesa da indararo da inuwar itace. Kowace safiya a tsoma rula a karanta, a zubar. Milimita 1 a gwangwani daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da tashar auna yanayi, amma ruwan farkon damina yakan jiƙe Samaru ya tsallake Ƙofar Gayan. Na gidanku shi ne ya shafi shukarku.

An yi ruwan farko a Afrilu, in yi shuka?

Kada a yi gaggawa. Ruwan Afrilu da na farkon Mayu yakan zo da iska da tsawa, ya kwantar da ƙura, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ruwan shuka shi ne wanda ya kai milimita 20 zuwa 25 cikin kwana biyu ko uku, kuma idan aka tona aka sa hannu aka tarar da danshi ya kai zurfin taƙi guda. A Zariya wannan ya fi tabbata daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Mai rijiya ko famfo da zai iya ban ruwa idan sama ta ɗauke, shi ba ruwansa da wannan jira.

Kuɓewa a jiƙa irinta kwana ɗaya, a shuka ƙwaya biyu a rami, santimita 30 tsakanin rami da rami, 60 tsakanin layi. A yi kunya, ko da lambun ƙarami ne. Jar ƙasar da ke gidaje da yawa a nan tana riƙe ruwa a sama idan marka ta zo, saiwa kuma ba ta jure zama cikin ruwa.

Wane itace ne ke yin me a wannan lokaci?

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne manyan itatuwanmu sun fi yin fure da rani, damina lokacin ganye ne da nunar 'ya'ya. Rimi, wanda unguwanni a birnin Zariya ke amsa sunansa, yana fure tun cikin hunturu, kafin bazara ta ƙare audugarsa ta fara tashi. Ɗorawa tana rataya jajayen tutunta a Fabrairu da Maris. Furen da dare yake zubo ruwan zaƙi, jemagu su sha, da sassafe ƙudan zuma su zo su kwashe saura. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta da hudowar rana zai ji ƙuginsu tun kafin ya gan su. Zuwa Afrilu da Mayu an fara sassabo ɗorawa, a ci gari a ajiye kalwa don daddawa. Kaɗanya ma da rani take fure, 'ya'yanta su nuna su faɗo da farkon damina. Mangwaro yana huda daga Disamba zuwa Fabrairu, ya cika kasuwa a Afrilu da Mayu. Darbejiya tana fitar da ƙananan fararen furanni masu ƙamshi a bazara, 'ya'yan su yi rawaya su zubo bayan ruwa ya sauka, kuma a tattara su, za a ga amfaninsu nan gaba, a maganar feshi.

Masu fure da shigowar ruwa su ne tsamiya da kuka. Furen tsamiya ƙarami ne, rawaya mai jan zane, ƙudan zuma na sonsa ƙwarai. Na kuka fari ne babba, yana rataye da doguwar igiya, yana buɗewa da magariba, kashegari ya yi baƙi-baƙi ya faɗo. Gwaiba da lemo sukan yi fure makonni kaɗan bayan ruwan kirki na farko. Zogale kuwa, in yana samun danshi, kusan duk shekara da fure a jikinsa.

Gawon da ke gonarmu ya kaɗe ganye ana tsakiyar ruwa. Ya mutu ne?

Lafiyarsa ƙalau. Gawo da damina yake tuɓe ganye, ya mayar da kaka. Kada a sare shi: ganyen da ya zubar taki ne, kuma ba ya tare wa shuka rana.

Mangwarona ya yi huda sosai, amma 'ya'yan sun zube tun suna ƙanana. Waɗanda suka nuna kuma da tsutsa a ciki.

Matsala biyu ce dabam. Zubar ƙananan 'ya'ya yawanci ɗabi'ar itacen ce: cikin furanni ɗari, da wuya ɗaya ya kai ga nuna. Zubar takan yi yawa idan ƙasa ta bushe sosai bayan 'ya'yan sun ƙullu, don haka daga lokacin da suka kai girman gyaɗa a riƙa ba matashin itace bokiti 4 zuwa 6 sau ɗaya a mako, a zuba a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, ba a jikin gindi ba. Mangwaro kuma yakan yi shekarar yawa ya bi ta da shekarar ƙaranci.

Tsutsar kuwa ta wani ƙaramin ƙuda ce mai ratsin rawaya, wanda ke huda fatar mangwaro ya sa ƙwai a ciki. Yana ƙaruwa da zarar ruwa ya sauka, shi ya sa mangwaron ƙarshen Mayu da Yuni ya fi lalacewa. Tsutsar tana fita daga wanda ya faɗo ta shige ƙasa, ta fito ƙuda cikin mako biyu. Nan ake katse ta. A tsince duk wanda ya faɗo kullum, a zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure, a bar ta a rana kwana 3 zuwa 5, ko a binne a ramin da ya kai zurfin santimita 50. Zubawa a juji kiwon ƙudan ne. Haka ake yi wa gwaiba idan lokacinta ya zo.

Kabewata tana ta fure, ba ta ɗaura ɗa ko ɗaya ba. Me ya faru?

A duba gindin furen. Kabewa, kankana, gurji da duma duk fure iri biyu suke yi a jikin yaɗo ɗaya. Namiji yana kan siririn tsinke. Macen tana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta, shi ne zai zama kabewa. Mazan ne ke fara fitowa, mako ɗaya ko biyu kafin mata, to a wannan tsakanin babu abin damuwa.

Idan matan sun fito amma ƙullutun yana yin rawaya ya ruɓe ya faɗi, garin fure ne bai isa gare su ba. Furen kabewa na safiya ɗaya ne: ya buɗe da asuba, kafin azahar ya rufe, ba zai sake buɗewa ba. In aka wayi gari da ruwa, ko an yi feshi a kusa, ƙudan zuma ba su zo ba, wannan furen ya tafi. Ana iya yi da hannu. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe a tsinko namijin da ya buɗe a ranar, a cire masa ganyen furen, a bar tsinken tsakiya mai rawayan gari, a goga shi a hankali a kan tsakiyar macen ta kowane gefe. Namiji ɗaya ya ishi mata biyu. Cikin kwana 3 zuwa 4 za a ga ƙullutun ya fara kumbura. Takin zamani mai yawa, musamman yuriya, shi ma yana sa yaɗo ya yi ta ganye ya ƙi 'ya'ya.

Tumatir fa, da gwanda?

Tumatir yana zubar da fure idan zafin rana ya haura digiri 32 kuma dare bai yi sanyi ba, wato bazara ke nan, sannan da marka cututtukan ganye su taso masa. A ɗaure shi a sanda, a cire ganyen da ke taɓa ƙasa, a riƙa girgiza sandar da hantsi don garin fure ya zubo. In aka ga fararen tabo masu haske a cikin ganye da 'yar tsutsa a tsakiya, wannan ce sharon, wadda ta cinye tumatirin jihar Kaduna a 2016. A tsinke ganyen a ƙone.

Gwanda namiji furanninsa da yawa suke, a kan dogayen tsinkaye masu lilo, ba ya 'ya'ya. Macen furenta babba ne, manne da jikin itace. A shuka uku a wuri ɗaya, idan sun yi fure a rage, a bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu, ta tafi, don haka a kan tudu ake dasa ta.

Me ya sa ƙudan zuma ke cika mana bakin famfo da randa a bazara?

Ruwa suke ɗiba su kai gida. Cikin amya dole zafi ya tsaya wajen digiri 35 don 'ya'yansu, to idan rana ta ƙwalle sai su shafa ruwa a saƙa su yi ta fifita da fukafukai. Korarsu ba ta aiki, sai dai a sauya musu wuri. A samu faranti ko kasko mara zurfi, a cika da tsakuwa, a zuba ruwa yadda kan tsakuwar zai fito, a ajiye a inuwa can ƙarshen lambu, nesa da ƙofa da wurin wasan yara. A rufe randa, a gyara famfon da ke ɗiga, kwana kaɗan za su koma can. A riƙa zubar da ruwan ana wanke kaskon duk bayan kwana 2 ko 3 saboda sauro. Kada a sa sukari, yana jawo tururuwa da rina. Masu ɗibar ruwa ba faɗa ya kawo su ba, haka ma waɗanda ke sauka a kan garin masara ko na rogo da aka shanya: garin fure ne ya yi ƙaranci suke maye gurbinsa.

Duk mai sauka a fure ƙudan zuma ne?

A'a, kuma sanin bambancin yana hana kashe masu amfani. Ƙudan zuma na amya ana gane shi da ƙullin gari, rawaya ko ruwan goro, a ƙafafunsa na baya. Akwai galla, ƙanana baƙaƙe marasa harbi, masu gida a tsagar katanga ko kogon itace da 'yar ƙofa ta danko. Akwai babban baƙin nan mai ƙugi da ke huda katakon rumfa. Shi ne gwanin furen wake da gauta da tumatir, domin yana kama furen ya girgiza shi, abin da ƙudan amya ba ya iyawa. In an ga an yanke gefen ganye an fitar da da'ira sumul, wani ƙaramin ƙudan ne mai zaman kaɗaici ya ɗiba don shimfiɗa wa 'ya'yansa, shukar ba ta cutuwa. Zanzaro da rina mafarauta ne, tsutsotsi da gizo-gizo suke kwashewa. Furen mangwaro ma ƙudaje ne suka fi yi masa aiki.

A Agusta ga kore ko'ina, amma ƙudan zuma sun ragu. Ina suka tafi?

Kore ba abinci ba ne a wurinsu. Manyan itatuwa sun gama fure, ruwa yana wanke zaƙin wanda ya rage, ranakun marka kuma ba sa fita. A ƙasarmu wannan ne lokacin yunwarsu, har wasu su watsar da amya su yi ƙaura. Lambun gida yana da tasiri a nan fiye da yadda ake zato. Kabewa, kuɓewa, riɗi, wake, yakuwa, rama, ɗoɗɗoya, zogale da lalle duk suna ba su abin ɗauka, masara ma suna kwasar gari a kanta da safe. A rarraba shukar kuɓewa da riɗi kashi uku, tazarar mako biyu-biyu, fure ba zai yanke ba har Satumba. Wajen noma kuma a bar ɗan gefe ɗaya ga gasaya da tafasa su yi fure. Dama ganyensu na ci ne. Waɗanda ba a yi wa sassauci su ne aya-aya da kiri-kiri, a tono su da saiwarsu.

To idan ƙwari sun kama shuka, ba za a yi feshi ba?

A fara dubawa tukuna. A juya ganye, a ga mene ne, a ga yawansa. Tsutsa goma a kuɓewa ashirin aikin hannu ne. Ƙananan ƙwarin da ke taruwa a kan toho suna sa ganye ya yi danƙo, ruwan sabulu ya ishe su: cokali 2 na sabulun ruwa a lita 5.

Idan abin ya wuce haka, ga 'ya'yan darbejiyar da aka tara. A wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka giram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa a ranar, sama da ƙarƙashin ganye. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, don haka a maimaita bayan kwana 7 ko bayan ruwa mai ƙarfi.

In dole sai na kanti, a fesa dab da magariba bayan ƙudan zuma sun koma, ba a kan buɗaɗɗen fure ba, ba cikin iska ba, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin a ci. Ƙara ma'auni "don ya fi ƙarfi" ƙona ganye yake yi. Ota-fiya-fiya da ire-irensa ba su da wuri a lambun da ake cin ganyensa. Alamar an yi wa ƙudan zuma ɓarna ita ce a gan su a ƙasa suna juyi, harshe a waje.

Tarin ƙudan zuma ya sauka a reshen itacenmu, ya kai girman tulu. Me za mu yi?

A shigar da yara ɗaki, a kwance dabbar da ke ɗaure kusa a matsar da ita, a ƙyale su. Ƙaura suke yi: sarauniya tana tsakiya, wasu sun tafi neman kogo. Ba su da saƙa ko 'ya'yan da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Yawanci cikin awoyi kaɗan zuwa kwana 3 za su tashi. Jifa, hayaƙi, fetur ko kunna janareta a ƙarƙashinsu shi ke jawo bala'i. In akwai mai kiwon zuma a kusa a kira shi, zai yi murna ya juye su a amyarsa.

In sun shiga cikin rufi ko silin, magana ta canza. Kada a toshe ƙofar, za su nemi hanya ta cikin ɗaki. Kada a sa wuta. Mai zuma ne zai zo da yamma da kayan kariya, ya cire saƙar gaba ɗaya, a wanke wurin, sannan a liƙe. In aka bar kaki a ciki, ƙamshinsa zai kira wasu baɗi.

Zan iya ajiye amya a cikin gida?

A cikin birni, Tudun Wada, Sabon Gari ko duk inda katanga ke jingine da katanga, ba mu ba da wannan shawara ba. Ƙudan zumanmu masu zafin kare gida ne, idan suka fusata sukan bi mutum nesa, kuma akuya ko kajin da ke ɗaure ba su da wurin gudu. Amya tana son aƙalla mita 100 daga gidaje da hanya. Mai gona a wajen gari ya kai ta can, ƙarƙashin inuwa, ko ta gargajiya ta ciyawa da ake ɗorawa a kan itace, ko ta katako mai sanduna a sama. A ta katako faɗin kowace sanda milimita 32 ne. In ya wuce ko ya gaza, za su gina saƙa a karkace ta haɗe sanduna. A goga kakin zuma a tsakiyar sandunan don ya jawo su, a ɗora amyar a kan ƙafafu masu tsayin mita 1, kowace ƙafa cikin gwangwanin baƙin mai saboda kwarkwasa. Babbar ɗiba kafin ruwa ya zauna ake yinta, kuma saƙar da aka liƙe bakinta da kaki kaɗai ake yanka, wadda ba a liƙe ba ruwanta ya yi yawa, za ta yi tsami. Mai lambun cikin gari bai yi asara ba: ƙudan zuma na tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman fure, za su same shi.

Idan ya harbi mutum fa?

A bar wurin tukuna, domin warin harbin yana kiran sauran. A kankare ƙarin da farce nan da nan, a wanke da sabulu, a ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. Kumburi da ƙaiƙayi na kwana biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in numfashi ya fara wuya, leɓe ko harshe ya kumbura, jiki ya feso da borin jini, ko jiri ya kama mutum, a tafi asibiti mafi kusa a take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka idan harbin ya yi yawa, musamman ga yaro ko tsoho, ko a cikin baki ne. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuma ba a ba shi zuma.

Yaushe ya fi dacewa a dasa sabon itace?

Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, don ya samu wata biyu ko uku na ruwa kafin kaka. A haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a ware ƙasar sama, a cuɗa ta da bokiti 1 na ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, busasshen kara a cikin rami kuma gara yake kira. A yanke ledar a cire, kada a binne da ita. In mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen wani itacen a jikinsa, mahaɗin ya tsaya sama da ƙasa da kamar taƙi guda, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin a cire shi. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo yakan kai 6 ko fiye. A ba shi mita 8 zuwa 10 daga wani babban itace, a nisanta shi da katanga da ramin masai. Zogale reshe ake yanka mai tsayin mita 1, a binne kashi ɗaya cikin uku, idan ya kai ƙirji a datse kansa ya yi rassa. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko waya saboda awaki.

Tsofaffin itatuwan ma a ɗaga kai a dube su. Kauci yana kama lemo, gwaiba, kaɗanya da ɗorawa, tsuntsaye ne ke kawo irinsa su manna a reshe. Fizge ganyensa ba ya kashe shi, domin ya riga ya kafu a cikin itacen. A sare reshen da ya kama, santimita 30 ƙasa da inda ya kumbura, da zarto mai kaifi, a ranar da babu hadari.